Na Je Nemo wa Alhaji Makankari Mai Rai

Tafiyar nan ta wahalar da ni, ba zan ɓoye muku ba. Awa bakwai a cikin mota zuwa da dawowa, sanyin bakin teku ya shiga gwiwata har yau bai fita ba, ga yini guda ban buɗe tebur ba a daidai lokacin da hular sanyi ta fara tafiya. Duk a kan wani abu da bai cika tafin hannu ba. Masu tambayata ina na shiga ranar Talata, ga bayani. Ni karatuna bai yi nisa ba, yadda ya zo mini haka zan rubuta.

Sai na fara gaya muku dalili. Akwai wani dattijo da muke gida ɗaya da shi a Staten Island, kusa da tashar feri, wato jirgin fito, ta St. George, shi a ƙasa ni a sama. Alhaji muke ce masa. Mutumin Gaya ne ta Nijar, gidansu masunta ne tun kakanni. Shi ya karɓe ni sa'ad da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, shi ya nuna mini inda zan kafa tebur kusa da nasa a Canal Street. Bana ciwo ya kwantar da shi, aka yi masa aiki a muƙamuƙi, aka cire sauran haƙoransa. Aikin ya yi kyau, amma tun daga nan ya daina cin abinci. Kunu cokali biyu, sai ya ture kofi. Likita ya ce ranar Litinin mai zuwa za a sake ɗora shi a sikeli, in ya ƙara ramewa za a huda cikinsa a sa roba, a riƙa zuba masa abinci ta nan. Alhaji ya ce shi ba jarkar fetur ba ne da za a sa masa mazurari. Ya ƙi roba, ya kuma ƙi abinci. Mu duka mun san inda wannan hanyar take ɓullewa.

Muna da wani aboki ɗan Kumasi da yake aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Manhattan, shi ke gyara musu kifi. Shi ya kawo wa Hajiya, matar Alhaji, wani farin nama gutsi-gutsi a leda. Ya ce sunansa sikalof, daga teku yake, taushi gare shi ko marar haƙori zai ci. Ya ajiye ya wuce aiki bai gaya mata yadda ake dafawa ba. Hajiya kuwa ta yi abin da duk macen kirki a wajenmu za ta yi da nama. Ta wanke shi sau uku, ta zuba a miya da tattasai da daddawa, ta bar shi a wuta awa guda don ya yi laushi. Ya fito kamar an yayyanka tayar keke. Ni mai haƙori na tauna na gaji.

Alhaji ya jujjuya shi da cokali ya ce, "Mi ne ne wanga? Ba kai, ba wutsiya, ba ƙaya. Ni ɗan masunci ban cin abin ruwa sai na ga huska tai. Ku kawo min shi da rai nai in gani."

Wataƙila gatse ya yi. Amma sati uku ke nan bai nemi komai ba a duniya, ko rediyo. Wannan ne abu na farko da ya ce a kawo masa.

Na leƙa shagunan kifi na 'yan Sin da ke bayan teburina. Akwai naman, an riga an ɓare. Masu ɓawon da na gani a shago ɗaya sun mutu, baki a hangame. Ɗan Kumasi ya ce in mai rai muke so sai mu je can ƙarshen Long Island, yanzu aka buɗe lokacin kama ƙananan a farkon Nuwamba. Na buga wa limaminmu waya na tambaye shi ko ya halatta. Ya ce abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Ya ƙara da cewa shi dai kada a kawo masa.

Ranar Talata ina sallame sallar asuba na ɗauki kula na gangara tasha. Ferin nan shi ne abu guda a New York da ba a taɓa cewa in biya ba. Shekara goma sha tara ina hawansa safe da yamma, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin me ke cikin ruwan ba. A wajena hanya ce kawai, kamar kwalta. Mutane cike, kowa da kofin kofi, kowa fuska a ɗaure. Ni kaɗai ke rungume da kula babu komai a ciki.

Ɗan Kumasi yana jirana a ɗaya gefen da motar ɗan'uwansa. Ina shiga na fara da shi.

Na ce, "Da ka buɗe baki ka gaya wa Hajiya yadda ake dafawa, da yanzu ina kan teburina."

Ya ce, "Maigida, wa ya san za ta dafa shi kamar ƙafar saniya? Ku 'yan arewa ko ƙwai kuka samu sai ya yi awa ɗaya a wuta."

"Mu ba ma cin ɗanye."

"Shi ya sa haƙoranku ke ƙarewa da wuri."

Ya zo da wake da shinkafa irin nasu da baƙin yajin nan da suke ce wa shito, kuma yunwa nake ji, sai na hau ci.

Mun haye gada muka shiga babbar hanya. A Queens cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda, daidai gefen wata maƙabarta da ba ta da iyaka, duwatsu a jere har inda ido ya tsaya. Ban so muka tsaya a nan ba, da abin da ke raina. Bayan nan hanya ta buɗe. Benaye suka yi ta gajarta har suka ƙare, sai itatuwa, ganye ya yi ja ya zube. Can gaba sai gonaki. Wallahi ban san akwai gona kusa da New York haka ba. Gonakin inabi a jere, ɗan Kumasi ya ce na giya ne, na kau da kai. Abin da ya fi damuna kabewa ce. Fili guda cike da ita, manya-manya, an bar ta tana ruɓewa don bikin da ake sayenta saboda shi ya wuce. Na ce ya tsaya mu ɗauki biyu mu kai wa Hajiya ta yi taushe. Ya ce in ina son in kwana a hannun 'yan sanda a kan kabewa in sauka ni kaɗai.

Wajen ƙarfe goma muka isa wani ɗan gari a bakin ruwa. Tsit, tsaf, ba hon, ba mai ihu. Baƙar fata mu biyu ne a titin, mutane suna gaishe mu da irin murmushin nan na me ya kawo ku. Muka shiga shagon kifi. Matar ta gaya mana kuɗin ɗan awo ɗaya na ɓararren naman, na ce ta maimaita. Sai na sayar da huluna takwas kafin in haɗa shi. Mai rai kuwa babu. Ta ce bana ma ba a samu sosai ba, abin da aka kawo da safe kafin azahar ya ƙare. In muna so mu je bakin gaɓa mu jira masu kamun, suna dawowa wajen ƙarfe biyu, ko Allah zai sa wani ya tausaya.

Awa huɗu muka yi a wurin nan. Iskar teku ba irin ta cikin gari ba ce, babu benen da zai tare maka ita. Mu shiga mota, mu fito, mu sake shiga. Muka yi azahar a kan kwali a bayan wani ɗakin ajiye raga, tsuntsayen teku suna yi mana ihu a ka. Hajiya ta kira sau biyu. Na biyun ta ce ya ƙi kunun rana ma, ya juya fuska bango. Na ce mata muna hanya. Ƙarya na yi, ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba.

Jirgi na farko ya zo, ƙarami, bai fi kwale-kwale biyu ba in an haɗa. Mai shi ya ce bai samu komai ba, ya nuna mana kwando, ciyawa ce da ɓawo fanko. Na biyu ko kallonmu bai yi ba. Mai na uku wani tsoho ne Bature, ya kai sa'an Alhaji, fuska duk ta tsage da iska, hannuwa kamar itace. Tun safe yake jan wata raga mai bakin ƙarfe a ƙasan ruwa, abin da ya samu bai cika rabin buhu ba. Ɗan Kumasi ya yi masa magana, don Turancinsa ya fi nawa. Nawa na ciniki ne, daga nawa ne sai ba ragi. Tsohon ya ce a'a, duka an riga an yi alkawarinsu ga wani gidan abinci. Ya ci gaba da ɗaure igiya.

Na tsaya ina kallon rabin buhun nan. Sai na ciro waya na nemo wani tsohon hoto da na taɓa ɗauka daga bangon ɗakin Alhaji. Shi ne yana saurayi a cikin kwale-kwale a kogin Kwara, ba riga, ya rungumo giwan ruwa da ta kusa kai shi tsawo. Na miƙa wa tsohon. Na ce da Turancina, wannan babana ne, mai kamun kifi ne kamarka, ba ya cin abinci, ya ce sai ya ga wannan da rai.

Ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya buɗa hoton da yatsa, ba fuskar ya duba ba, kifin ya duba, sannan jirgin. Ya tambaya da me aka kama. Na ce da mashi da igiya, haka Alhaji ya gaya mini. Ya girgiza kai ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba. Sai ya ce in kawo kular.

Kafin ya zuba, ya ɗebo ruwan teku a bokiti ya saka guda ɗaya ya ce mu duba. Jama'a, na ga ikon Allah. Ɓawo biyu ne a haɗe, mai tsaga-tsaga kamar mafici, bai cika tafin hannu ba. Da ya ji ruwa sai ya buɗe baki a hankali. A gefen bakin, sama da ƙasa, wasu ɗigo-ɗigo ne shuɗaye a jere kamar an jera duwatsun wuya, suna ƙyalli. Tsohon ya ce idanu ne. Na ce duka? Ya ce duka. Ya gitta hannu ta sama, abin ya rufe baki ƙwap. Can ya sake buɗewa, ya yi ta tafa ɓawonsa yana tsalle a cikin bokitin kamar mai neman hanyar gudu. Ashe farin naman nan da ake sayarwa da tsada, tsoka ce guda ɗaya da yake buɗe ɓawon da rufewa da ita. Ita kaɗai suke ci, sauran a zubar.

Ɗan Kumasi ya sunkuya yana leƙen bokitin. Shekara da shekaru yana soya su a kicin, bai taɓa sanin suna da ido ba.

Tsohon ya ce ba sa daɗewa a duniya, shekara biyu ta yi yawa. Ya ce yana yaro, shi da ubansa kafin hantsi sun cika jirgi. Yanzu da rani ruwan yana ɗumi fiye da da, ga wata cuta da ke shiga cikinsu, kafin lokacin kamu ya zo yawanci sun mutu, sai ka jawo raga ka ga ɓawo ba kowa a ciki. Na tambaye shi to me ya sa yake fita. Ya ce in bai fita ba me zai yi a gida. Irin amsar Alhaji ce sak. Shi ma da aka hana shi zuwa tebur, daga ranar ya fara lalacewa.

Ya ƙirga goma sha biyu. Na ɗauko gorar ruwan sha zan zuba musu don kada su mutu a hanya, ya riƙe hannuna. Ya ce ruwan famfo kashe su yake yi nan take. Ya sa ƙanƙara a ƙasa, ya shimfiɗa tsumma, ya jera su, ya rufe da jiƙaƙƙiyar ciyawar teku. Ya ce za su kai gobe da safe in Allah ya so, ban da jibi. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancina. Kasko mai zafi, man shanu kaɗan, minti ɗaya, a juya, minti ɗaya, a sauke. Na ce ai bai dahu ba. Ya ce in na wuce haka in dawo masa da abinsa.

Na ciro kuɗi, ya ƙi. Na nace, ya ɓata rai. Sai na tuna akwai kayan tebur a jakata. Na ba shi hular sanyi da safar hannu. Ya jujjuya safar ya ce wannan ba za ta yi yini ɗaya a ruwa ba. Na ce na sani, ni nake sayar da ita. A nan ne ya yi dariya. Hular dai ya sa ta a kansa nan take.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Rana ta faɗi tun muna cikin gonaki, muka yi magariba a gidan mai, cunkoso ya sake kama mu tun kafin Queens. Ɗan Kumasi ya sauke ni a tasha ya ce in gaishe da Alhaji, in kuma ce wa Hajiya ta ba tukunya hutu. A cikin feri na ɗora kular a cinya. Jifa-jifa sai ka ji ƙwap daga ciki. Wata mata da ke gefena ta dube ni, ta dubi kular, ta koma wani benci. Ni kuwa duk ƙwap ɗin da na ji daɗi nake ji, alamar da sauran rai.

Bayan isha'i kaɗan na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Alhaji yana kwance ya ba mu baya. Na ajiye kular a kan kujera na buɗe. Warin teku ya cika ɗakin, shi ya juyo da shi. Ya ce a tashe shi zaune. Na ɗora masa ɗaya a tafin hannu.

Ya kai shi kusa da fitila. "A'a. Makankari ne ashe. Muna da ƙanen shi a Kwara, mata na kankare tukunya da ɓawo nai. Amma namu makaho ne." Ya ƙura wa idanun ido. Ya sa ɗan yatsa a bakin, abin ya datse shi. Alhaji ya yi dariya har tari ya kama shi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti.

Ya tambaye ni da wace irin raga ake kama shi, zurfin ruwan nawa, ƙasan yashi ne ko laka. Rabin tambayoyin ban san amsarsu ba. Ya ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin mota. Ka tai har bakin ruwa ba ka tambayi zurhi ba."

Ina juyawa na ga Hajiya ta riga ta ɗora tukunya, tana yanka albasa. Na rufe kulata na ɗauka.

Ta ce, "Ina za ka da su kuma?"

Na ce, "Sama za su kwana, Hajiya. Da safe ni zan dafa."

"Kai? Kai da ko shayi sai ka ƙona?"

"Ni ɗin."

Abin da na koya a tafiyar nan ba shi da yawa. Mun yi sati uku muna yi wa mutumin nan magiya kamar yaro, muna bin sa da cokali, ba wanda ya tuna cewa kafin ya zama marar lafiya masunci ne. Na kuma koyi cewa ba kowane nama wuta ke sa shi laushi ba, wani taurara shi take yi. Shekarata hamsin da uku ban san haka ba.

Washegari bayan asuba na sauko da kular. Goma suna da rai, biyu sun mutu na zubar. Na shimfiɗa wa Alhaji tawul a cinya, na ba shi ƙaramar wuƙa. Na farkon ya ba shi wuya. Daga na uku hannun ya tuna aikinsa. Ya yi bisimilla, ya zura wuƙa, ya murɗa, ya share kayan cikin da babban yatsa, farar tsokar ta faɗo a faranti. Ba wanda ya koya masa.

Na ɗora kasko ya yi zafi, na sa man shanu, na jera su. Na ajiye waya a gefe ina kallon agogo. Hajiya tana bayana.

"Ɗanye za ka ba shi? Mutum na jinya?"

"Saura rabin minti."

"Ko albasa babu. Matsa in ƙara mai ruwa ya tafasa."

Na tsaya tsakaninta da kaskon na ba ta baya. Shekara goma sha tara ban taɓa yi mata musu a kicin ɗinta ba sai ranar. Na juya su, na ƙirga, na sauke. Gishiri kaɗan.

Alhaji ya ɗauki ɗaya da hannu ya sa a baki. Ya danna da harshe, ya lumshe ido. Muka tsaya muna kallon maƙogwaronsa. Ya haɗiye.

Ya ce, "Zaƙi gare shi." Ya ɗauki na biyu.

Bakwai ya ci. Ya tura wa Hajiya ɗaya, ta ci tana cewa bai dahu ba, ta miƙa hannu ta ɗauki wani. Na ƙarshen ya ce na ɗan Kumasi ne, a ajiye masa. Ni ban samu ba. Sai ya dubi kofin kunun da ke kan tebur tun jiya ya ce, "Wanga ya yi sanyi. A dama wani."

Hajiya ta shiga kicin da sauri, ina jin tana jan hanci. Ban san abin da sikeli zai ce ranar Litinin ba. Na wanke ɓawon na jera masa a bakin taga inda zai riƙa gani, na ɗauki jakar huluna, na gangara na kama ferin ƙarfe takwas.